Akawun Lauya da Takardar Gona

Kwamitin mujallar nan ya roƙe mu mu rubuta wa 'yan aji shida wani abu a kan zaɓen sana'a, tun da yake kowace shekara idan aka tambaye su abin da suke so su zama, waɗansu su ce likita, waɗansu su ce lauya, sauran kuwa su sunkuyar da kai. Mun amsa. Amma sa'ad da muka zauna da biro da takarda, sai muka ga ba mu da abin faɗi a kan aikin lauya sai labarin wata tsohuwar ɗalibarmu, labarin kuma ba ya faɗuwa sai mun tona asirin kanmu a ciki. Muka yi shawara da mai ɗakinmu, ta ce ai abin da aka yi a ƙofar gidan dagaci, jama'a na kallo, ya riga ya wuce ɓoyo. To, ga shi.

Ba za mu ambaci sunanta ba. Tsofaffin malamai sun san ta, gama tun tana aji uku 'yan ajinsu suka laƙaba mata Lauya saboda yawan gardamarta. 'Yar wani ƙauye ce a ƙasar Kibiya, iyayenta manoman dawa da gyaɗa. Ta gama a nan a 2013, ta ci Turanci da Adabin Turanci da Lissafi da Gwamnati da kyau, watau darussan da mai son karatun lauya ba ya wasa da su. Ta zauna jarrabawar JAMB, ba ta sami gurbi ba. Ta sake zama, aka ba ta wani fanni dabam, ta ƙi karɓa.

Ya kamata ɗalibai su san yadda hanyar take kafin mu ci gaba. Karatun lauya a jami'a shekara biyar ne ga wanda ya shiga ta JAMB. Wanda ya fara yin difloma a fannin shari'a yana iya shiga aji biyu kai tsaye, ya yi huɗu. Bayan digiri sai Makarantar Horas da Lauyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa a Legas a 1962, hedkwatarta kuma yanzu tana Bwari, kusa da Abuja. Tana da reshe a Bagauda, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, maƙwabciyar Rano. Wajen shekara guda ake yi a can, sai mutum ya ci jarrabawarta kafin a rantsar da shi ya sa baƙar riga da hular gashi. Hukumar da ke kula da ilmin lauyoyi kuwa takan ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka. Shi ya sa ƙofar ke da ƙunci, yaro mai ƙoƙari ma yakan tsaya a waje shekara biyu ko uku.

A 2014 wani dattijon ikkilisiya da ke zaune a Kano ya samo mata aikin akawu a ofishin wani lauya. Ta zo neman shawararmu, muka hana ta. Muka ce ta shiga kwalejin horas da malamai kamar yadda muka yi, ta sami takardar koyarwa a hannu tukuna, domin ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Muka ce akawun lauya ɗan aike ne kawai, ɗaukar jaka da sayo ruwan sanyi. Ta saurara har muka gama, ta ce, “Malam, na gode, amma ina so in ga ɗakin tun kafin a ba ni mabuɗinsa.” Ta tafi. A ɗakin malamai muka ce yarinyar nan taurin kai zai ɓata mata shekaru.

Ba duka maganarmu ce ta zama ƙarya ba. Ta ɗauki jaka, ta sayo ruwan sanyi, albashin kuma bai taka kara ya karya ba. Amma idan ta zo hutun Kirsimeti takan ba mu labarin sauran aikin. Ita ke kai takardun ƙara wurin rajistara a Babbar Kotu da ke Sakatariyar Audu Bako, ko a kotunan majistare na Nomansland da Gidan Murtala, ta biya kuɗin shigarwa, ta karɓi rasit, ta tabbata an buga hatimi a kowane kwafi. Ita ke bin ma'aikacin kotu har a kai sammaci hannun wanda ake ƙara, domin idan sammaci bai isa ba alƙali ba zai saurari maganar ba, sai a ɗage. Ita ke riƙe da littafin ranakun zama. Idan maigidanta yana da shari'a a Rano, ita ke yin sammako ta biyo hanyar Karfi da Bunkure ta duba ko za a zauna ranar.

Abin da ya fi duka, ita ke fara zama da mai ƙara. Maigidan nata yana jin Hausar kasuwa, amma ba ya jin ta ƙauye. Mutum ya zo daga Rurum ko Tarai da maganar gona, sai ya fara tun daga kakansa da shekarar da aka yi fari. Ita za ta bar shi ya yi ta zuba, tana rubutawa, sa'an nan ta tsamo wa lauya abin da shari'a ke bukata: wane ne, yaushe, nawa, a gaban wa. Ta ce mana a watanninta na fari takan katse mutane don ta rage wa kanta aiki, har ta lura cewa ainihin maganar takan fito ne a ƙarshe, bayan mutum ya miƙe yana neman takalminsa.

Akwai iyaka da ba ta ƙetarewa. Akawu ba ya tsayawa a gaban alƙali a madadin kowa, ba ya kiran kansa lauya, ba ya sa hannu a inda lauya ke sawa. Dokar Taimakon Shari'a ta 2011 ta san da zaman irin waɗannan mataimaka, amma ba ta mai da su lauyoyi ba. Abin da za ta iya shi ne ta gaya wa talaka abin da doka ta riga ta ba shi. Ta haddace sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 kamar ayar haddacewa ta makarantar Lahadi: wanda aka kama, a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu cikin kilomita 40. Akwai kuma hatsarin da muka ji mata tsoro, wanda ita ma ta gani da idonta. A harabar kowace kotu za ka tarar da waɗanda suka shiga akawanci da niyyar shekara ɗaya, suka saba da 'yan canjin da ke shigowa kullum, yau ga furfura, sun zama dillalan beli da takardun rantsuwa. Ba su koma makaranta ba.

Wata Asabar cikin bazarar 2016 muna zaune a gindin darbejiyar ƙofar gida muna duba takardun jarrabawa, sai ga ta a kan acaɓa. Bayan gaisuwa ta buɗe jaka, ta fito da kwafin wata takarda, ta miƙo da hannu biyu. Ta ce, “Malam, ko kun san wannan rubutun?”

Mun san shi. Namu ne.

A 2008 wani manomi daga ƙauyensu, mutumin kirki, mai ɗa a makarantar nan, ya zo wurinmu tare da wani mai sayen hatsi. Ciwo ya kama shi, ga kuɗin makarantar yaro. Ya karɓi naira dubu arba'in, ya jinginar da gonarsa, wadda a shekara mai albarka takan ba shi dami talatin na dawa. Duk wanda ya tashi a karkara ya san jingina: mai kuɗi ya riƙa noma gonar, ranar da aka mayar masa da kuɗinsa ya saki. Su biyun ba su da rigima. Takarda kawai suke so, kuma da Turanci suke so, domin a ganinsu takardar Turanci ta fi ƙarfi. Wa za su nema in ba malamin Turanci ba?

Mu kuwa ba mu taɓa rubuta takardar jingina ba, amma girman kai bai bar mu mu faɗa ba. Muna da kwafin wata takardar cinikin babur a cikin akwati. Muka ɗauko, muka bi tsarinta, muka cire babur muka sa gona. Muka cire kalmar sayarwa, amma muka bar wadda ke biye da ita, muna zaton miƙa riƙo take nufi, ashe a bakin lauyoyi miƙa mallaka ce ɗungum. Maganar fansa kuwa ko sau ɗaya ba ta fito a takardar ba, don a ranmu abu ne da kowa ya sani. Muka gaya musu da Hausa a taƙaice cewa an rubuta abin da suka ce. Suka dangwala yatsa, shaidu biyu suka dangwala. Manomin ya aiko mana da zakara washegari, muka ci da tuwo.

Manomin ya rasu bayan shekara uku. Mai hatsin ma ya rasu. Gwauruwar ta yi shekaru tana tara kuɗi daga ƙuli-ƙuli da adashe, ɗan nata da ya gama makaranta yana ƙara mata daga aikin gini a Kano, har dubu arba'in suka cika. Ta ɗaure a bakin zane ta kai wa ɗan mai hatsin, wanda ya gaji gonar. Shi kuwa ya ɗauko takarda daga cikin kayan mahaifinsa, ya kai an karanta masa a Rano, aka ce masa ciniki ne. Ba za mu kira shi azzalumi ba. Yana yaro aka yi abin, ya tarar da takarda, takarda kuma ta ce gonarsa ce. Har ya dasa mangwaro a gefe guda.

Gwauruwar ta san Lauya tun tana goye, saboda haka ta aika mata. Lauya ta roƙi maigidanta ya duba ba tare da kuɗi ba, ya duba, ya ce abu biyu ne ke gefen tsohuwar. Na ɗaya, a dokar gargajiya wadda kotunan ƙasar nan suka amince da ita, jingina ba ta rikiɗa ta zama ciniki don an daɗe, ko bayan shekara nawa magada suna iya fansa. Na biyu, akwai tsohuwar doka tun ta zamanin Turawa mai kare wanda bai iya karatu ba. Ta ce wanda ya rubuta wa irin wannan mutum takarda, dole ya sa sunansa da adireshinsa a jiki, wannan kuwa shaida ce cewa ya rubuta abin da aka sa shi, an kuma karanta wa mutumin, an fassara masa kafin ya dangwala. Takardarmu ba ta da sunan marubuci ko kaɗan. Amma lauyan ya ƙara da cewa mutanen da suka yi yarjejeniyar duk sun kwanta dama, sai an sami mai rai da zai ce jingina ce. Ya kuma ce in aka shiga kotu, kuɗin mota da na ɗage-ɗage sai sun cinye abin da ya fi dubu arba'in, gara a fara neman sulhu.

Ba wanda ya gaya mata mu ne marubutan. Gwauruwar ba ta nan ranar da aka rubuta. Lauya ta gane ne daga yadda muke lanƙwasa wutsiyar harafin g, gama shekara uku tana ganin jan bironmu a littafinta.

Ta ce, “Malam, ina so ku yi takardar rantsuwa cewa ku kuka rubuta, cewa jingina suka ce muku, kuma ba ku fassara musu layi bi layi ba. Sa'an nan ku zo ku faɗa da bakinku a gaban dagaci.”

Za mu so a ce nan take muka amsa. Ba haka aka yi ba. Muka ce a ba mu lokaci. Muka ce ai ana iya samun waɗansu shaidu. Abin da ke ranmu shi ne iyayen yara na wannan yanki sun ba mu 'ya'yansu mu koya musu Turanci, yanzu za mu tsaya a bainar jama'a mu ce Turancinmu ne ya cinye gonar marayu. Ta lura. Ba ta yi mana gardamar da ta saba ba, wannan ma ya ba mu mamaki. Ta ce za ta dawo Asabar mai zuwa. Da za ta hau babur sai ta juyo tana murmushi ta tambaya ko an biya mu ladan rubutun. Muka ce a'a, zakara kawai aka kawo. Ta ce, “Malam, zakaran ma lada ne. Doka ta hana wanda ba lauya ba ya rubuta takardar ƙasa don a biya shi. Amma zakara ya riga ya narke, ba mai tono shi.”

Mako guda ba mu yi barcin kirki ba. Mai ɗakinmu ce ta gama maganar. Ta ce ita ta fige zakaran, ta kuma san matar, suna haɗuwa a taron zumuntar mata, in ba mu je ba ita ba ta san da wane ido za ta dube ta ba.

Ita kuwa Lauya ba ta zauna jiranmu ba. Cikin makon nan ta nemo shaidun biyu. Ɗaya ya rasu, ɗayan ya koma wajen 'yarsa kusa da Tiga, ido ya tafi amma hankali garau. Ta zauna da shi yini guda. Ta je wurin mai unguwa ta tambaye shi abin da mu ba za mu taɓa tunanin tambaya ba: ranar da aka ba da gonar, an zaga iyaka? An kira maƙwabtan gona? An sanar da dagaci, an fitar da abin da aka saba fitarwa in an yi cinikin gona? Mai unguwa ya ce ba a yi ko ɗaya ba, da ciniki ne kuwa da ya sani. Ta kuma bincika abin da aka sayar da gonaki masu girman wannan a shekarun nan, ta ga dubu arba'in ba ta kai rabin kuɗin gonar ba. Duka ta rubuta, kowane da ranarsa da sunan wanda ya faɗa, ta karanta wa kowa nasa da Hausa kafin ya dangwala, ta sa sunanta a ƙasa.

Muka je muka yi rantsuwar a gaban kwamishinan rantsuwa. Ranar zama, dagaci ya sa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Lauya ta durƙusa ta ce, “Ranka ya daɗe, ni ba lauya ba ce, akawu ce, na zo ne in karanta abin da mutane suka faɗa.” Ta karanta. Aka kira mu, muka faɗi namu, murya na rawa. Da muka gama, ɗan mai hatsin ya dube mu ya ce, “Ashe Malam kai ma Turancin sama-sama ka iya?” Jama'a suka fashe da dariya. Dagaci ya tsawata, amma mun ga shi ma yana gyara rawani don ya rufe baki.

Ba a tashi da nasara irin ta wasan kwaikwayo ba. Saurayin ya yarda jingina ce, amma ya ce dubu arba'in ta 2008 ba ita ce ta 2016 ba, ga taki da ya zuba, ga mangwaro. Dattawa suka ce kuɗin jingina ba ya haihuwa, abin da aka karɓa shi ake mayarwa, amma itatuwan a yi musu kuɗi. Aka yanke dubu goma sha biyar a kai, kuma tun da ya riga ya yi sharar gona, ya noma daminar bana, ya saki bayan girbi. Gwauruwar ta yi asarar damina ɗaya ke nan, bayan waɗanda suka wuce. Dubu goma sha biyar ɗin, zumuntar mata ta tara biyar, mu muka cika goma daga albashin wata biyu, ba don alheri ba. Sabuwar takardar sulhun, maigidan Lauya ne ya tsara ta, aka yi ta da Hausa da Turanci, aka karanta da ƙarfi sau biyu. Da muka je gaishe da tsohuwar muka ce, “Inna, a gafarce mu,” sai ta ce, “Malam, ai alheri ka nufa,” ta shiga ɗaki ta ɗebo mana gyaɗa. Wannan gyaɗar ta fi dariyar ƙofar dagaci zafi.

Lauya ta sami gurbi a 2017, a zama na huɗu. Shekara biyar ɗin suka zama shida da ɗoriya, saboda annobar korona da yajin aikin malaman jami'a na 2020, da kuma na 2022 wanda ya ɗauki wata takwas. Ta ce mana a darasin ka'idar shigar da ƙara da na dokar ƙasa kamar tana bitar abin da ta riga ta taka da ƙafa ne, amma a darussan nazari ta sha wuya, don shekara uku ba ta zauna ta karanta littafi mai kauri ba, kuma ta girmi yawancin 'yan ajinta. Ta wuce makarantar horas da lauyoyi, aka rantsar da ita a Abuja a 2025. Ko da ta bi shawararmu ta yi kwalejin malamai da ta fi sauƙin rayuwa a shekarun nan, wannan har yanzu muna ganin haka ne. Amma da gonar nan tana hannun wani.

Har yau mutane na zuwa ƙofar gidanmu a rubuta musu takarda. Wasiƙa mukan rubuta, da takardar neman aiki. In maganar gona ce ko fili, mukan ce a je wurin lauya, ko ofishin Hukumar Taimakon Shari'a a Kano, wadda aka kafa tun 1976 domin marasa hali. Waɗansu sukan tafi da fushi, suna cewa Malam ya yi girman kai.

Kwafin tsohuwar takardar yana cikin durowar teburinmu. Mun shafe sunayen da baƙar tawada. Kowace shekara a zango na biyu mukan rubuta ta a allo wa 'yan aji shida, mu gaya musu abin da mutanen biyu suka nufa, mu ce su nemo kalmar da ta sayar da gonar. Bana, cikin ɗalibai arba'in da ɗaya, huɗu ne suka gano ta.